Tailan ta hana dukan yara, amma wa zai koya wa manya sauraro?

A ranar 24 ga watan Maris na 2025, jaridar gwamnatin Tailan da ake wallafa dokoki a cikinta ta fito da wani ɗan gyara da bai wuce 'yan layuka ba, kuma washegari ya fara aiki. Gyaran ya shafi sashe na 1567 na kundin dokokin zamantakewa da kasuwanci na ƙasar, wanda shekara da shekaru ya bai wa iyaye damar hukunta 'ya'yansu daidai gwargwado da sunan tarbiyya.

Yanzu sashen ya ce uwa ko uba na iya tsawata wa ɗansu ko su gyara masa hali, amma ban da azabtarwa, ban da amfani da ƙarfi, ban da cutar da jikinsa ko zuciyarsa. Ƙungiyoyin da ke bibiyar lamarin sun lissafa Tailan a matsayin ƙasa ta 68 a duniya da ta haramta dukan yara a ko'ina, har da cikin gida. Suwidin ce ta fara a 1979, kuma a Kudu maso Gabashin Asiya maƙwabciyarta Laos kaɗai ta riga ta.

Ba ƙaramin sauyi ba ne a ƙasar da kusan kowa ya tashi da wata karin magana a baki: "rak wua hai phuk, rak luk hai ti", wato in kana son saniyarka ka ɗaure ta, in kana son ɗanka ka doke shi. Masu fafutukar kare yara sun jima da sauya kalmar ƙarshe, suna cewa "rak luk hai kot", in kana son ɗanka ka rungume shi.

Sai dai sanda kawai dokar ta karɓe. Ba ta faɗa wa kakar da ke riƙe da jikoki uku a ƙauye abin da za ta yi idan yaro ya ƙi ajiye waya ya kwanta ba. Abin da ya rage a hannun babba shi ne baki. A yawancin gidajen Tailan kuwa, magana hanya ɗaya ta saba bi: daga sama zuwa ƙasa.

Abin da alƙaluma suka nuna

Ofishin ƙididdiga na ƙasar, tare da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, na gudanar da wani bincike na gida-gida lokaci zuwa lokaci. Cikin tambayoyin akwai yadda aka hori yaran gidan, 'yan shekara 1 zuwa 14, a cikin wata ɗaya da ya gabata.

A binciken 2015 zuwa 2016, kashi 75 cikin 100 na yaran sun fuskanci horo mai zafi. A 2019 adadin ya sauko zuwa kusan kashi 58, a 2022 kuma zuwa kashi 54. Irin wannan binciken da aka yi a Najeriya a 2021 ya gano kusan yara 9 cikin 10.

Saukowar ta faru ne tun kafin a taɓa dokar, wanda ke nuna cewa majalisa ta biyo bayan jama'a ne. Amma akwai abin da ake yawan tsallakewa idan ana karanta waɗannan alƙaluma. Binciken bai tsaya ga mari da bulala ba. Yana ƙirga daka wa yaro tsawa, da kiransa daƙiƙi ko malalaci ko makamancin haka. Ita ma sabuwar dokar ta ambaci cutar da zuciya ƙarara. Ke nan gidan da aka ajiye sanda aka ɗauki zagi bai fita daga lissafin ba.

Harshen da ke nuna wa kowa matsayinsa

Yaro a Tailan na koyon matsayinsa tun yana koyon magana, domin harshen kansa ba ya barin mutum ya yi magana ba tare da ya nuna inda ya tsaya ba. Wanda ya girme ka "phi" ne, wanda ka girma "nong" ne, ko da ba dangin iya ba na baba. Yarinya, da ƙaramin yaro, idan suna magana da babba sukan kira kansu "nu", kalmar da asalinta ke nufin ɓera, wato ɗan ƙaramin abu. Namiji na rufe zance da "khrap", mace da "kha", alamar ladabi. Gaisuwar haɗa tafukan hannu a ƙirji, da ake kira "wai", ƙarami ne ke fara yi, kuma tsayin hannun da zurfin sunkuyawa na daidai da girman wanda ake gaisarwa.

Karin maganganunsu ma haka. Suna cewa babba ya riga ka wanka da ruwan zafi, kamar dai yadda Bahaushe ke cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Suna kuma cewa in ka bi bayan babba kare ba zai cije ka ba.

Kalmar da ta fi ɗaukar nauyin wannan tarbiyya ita ce "kreng jai". Tana kusa da abin da Hausawa ke kira kara, haɗe da kunya da jin nauyi. Mai "kreng jai" ba ya son ya ɗora wa wani nauyi, ba ya son ya ɓata masa rai, ba ya son ya sa shi jin kunya a gaban mutane, ko da hakan na nufin ya haɗiye buƙatarsa. Ana yabon yaro da ita, ana kuma kushe shi idan ya rasa ta.

Gefenta akwai "bun khun", bashin alherin da ɗa ke jin iyaye na binsa wanda ba ya biyuwa, da "katanyu", wato sanin wannan bashi da godiya a kansa. A ranar 12 ga Agusta, Ranar Uwa a ƙasar, makarantu kan gayyaci iyaye mata, yara su durƙusa su kai goshi ga ƙafafunsu su miƙa musu furen yasmin. Samari da yawa mabiya addinin Buddha kan shiga gidan ibada su zauna na 'yan makonni a matsayin masu zuhudu, kuma babban dalilin da ake bayarwa shi ne saka wa iyaye, musamman uwa.

Wannan tsari yana da amfaninsa, kuma zalunci ne a yi kamar ba shi da shi. Shi ne ya sa tsofaffi da yawa a ƙasar ba sa wulaƙanta, shi ne ya sa 'yar da ke aiki a masana'anta a Bankok ke tura kuɗi gida duk wata ba tare da an roƙe ta ba. Al'adar na kuma daraja "jai yen", sanyin zuciya, kuma babban da ya ɗaga murya a bainar jama'a kansa ya zubar wa mutunci.

Matsalar tana wajen da yaro ke da abin faɗa. Akwai kalmar "thiang", mayar da magana, kuma a gidaje da yawa ba a bambanta yaron da ke gardama da yaron da ke bayani. Idan aka tambaye shi dalilin da ya sa ya dawo a makare, ya buɗe baki zai amsa, sai a ce yana mayar wa manya magana. Yaro mai wayo kan gane da wuri cewa amsar da ta fi sauƙi ita ce "khrap" da sunkuyar da kai. An samu ladabi, amma uwar ba ta san cewa wasu ne ke tare shi a hanya ba.

Masana sun daɗe da lura da inda wannan shiru ke ɓullowa. A shekarun 1980, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka John Weisz da abokan aikinsa na Tailan, ciki har da Somsong Suwanlert, sun kwatanta yaran da ake kaiwa asibitocin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasashen biyu. Sun gano cewa yaran Tailan sun fi zuwa da matsalolin da ake dannewa a ciki, irin su tsoro, da rashin barci, da ciwon jiki da ba a ga dalilinsa ba, su kuwa na Amurka sun fi zuwa da faɗa da rashin ji. Yaron da bai dami kowa ba, ba lallai ne lafiya yake ba.

Biyayya da hira ba kishiyoyi ba ne

Masu nazarin sadarwa a cikin iyali na da wani ma'auni da ya samo asali daga Jack McLeod da Steven Chaffee na Jami'ar Wisconsin a farkon shekarun 1970, wanda Mary Anne Fitzpatrick da abokan aikinta suka sake fasalinsa daga baya. Ma'aunin na duba abu biyu daban-daban. Na farko, yadda gida ya nace a kan kowa ya bi ra'ayi ɗaya kuma a yi wa manya biyayya. Na biyu, yadda ake hira a gidan: ko ana zama a tattauna, ko ana tambayar yaro abin da yake gani, ko zai iya kawo abin da ya dame shi.

Amfanin ma'aunin shi ne ya raba abin da mutane ke yawan haɗawa. Gida na iya zama mai tsananin biyayya kuma mai yawan hira a lokaci guda: iyaye ne ke yanke hukunci, amma suna faɗin dalili kuma suna sauraro kafin su yanke. Wani gidan biyayya ce zalla ba hira. Wani hira ce ba a tilasta ra'ayi. Akwai kuma gidan da babu ko ɗaya, kowa na harkarsa. Bincike da yawa a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa yawan hira na tafiya tare da ingancin lafiyar zuciyar yara da iya kame kansu.

Ga iyayen Tailan da ke fargabar cewa ana so a mayar da 'ya'yansu Turawa, wannan ya kamata ya kwantar musu da hankali. Babu mai cewa a daina "wai" ko a bar yaro ya kira kakarsa da sunanta. Abin da ake nema shi ne a ƙara hira a kan biyayyar da ke akwai.

Kalmar da suke amfani da ita wajen faɗin horo da da'a ita ce "winai", wadda ta fito daga sunan dokokin da masu zuhudun addinin Buddha ke bi, dokokin da mutum ke ɗauka da yardarsa. Malaman ilimi a ƙasar na yawan maganar "winai nai ton eng", da'ar da mutum ke riƙe kansa da ita ko babu mai kallo. Ita ce burin kowane mahaifi, kuma ita ce sanda ba ta iya samarwa.

A ɗauki yaro ɗan shekara bakwai da ya ɗauki kuɗi daga gwangwanin kakarsa ya sayi alewa. In aka zane shi, darasin da ya fi saurin shiga kansa shi ne kada a sake kama shi. In aka tsorata shi, da ɗan sanda ko da fatalwa ko da allurar likita, ko da "tukkae", wani babban tsaka mai kuka da dare da manya ke ce wa yara zai ci hantarsu, dabarar za ta yi aiki har ranar da ya gane ƙarya ce, kuma a ranar ce maganar kakar za ta rage daraja. In kuwa aka zaunar da shi aka ce kuɗin na maganin kakansa ne, gobe ba za a iya saya ba, aka tambaye shi yadda yake ganin za a gyara, aka cire daga kuɗin tararsa na mako, to an ba shi dalilin da zai tafi da shi inda babu kaka. Masanin Amurka Martin Hoffman ya yi shekaru yana nuna cewa irin wannan bayani, wanda ke jawo hankalin yaro ga abin da aikinsa ya jawo wa wani, shi ya fi zama a zuciya.

Hanya ta uku tana cin lokaci, tana kuma buƙatar babba ya yarda yaro ya buɗe baki. Ita ce mafi wuya a gidan da duk bayani ake ɗaukarsa "thiang".

Masu goyon bayan duka kan ce a inda al'ada ta yarda da shi, yaro ba ya ɗaukarsa ƙiyayya, don haka ba ya yi masa illa. An gwada wannan hujja, kuma Tailan na cikin gwajin. A 2005 Jennifer Lansford ta Jami'ar Duke da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi da iyaye mata da 'ya'yansu a ƙasashe shida: China, Indiya, Italiya, Kenya, Filifins da Tailan. Sun gano cewa lallai illar kan ɗan ragu a inda duka ya zama ruwan dare. Amma a duk ƙasashen shida, yaran da aka fi duka sun fi yawan faɗa da fargaba. Wani abin mamaki shi ne iyaye matan Tailan ne suka fi ƙarancin duka a cikin shidan. Daga baya, a 2016, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun haɗa sakamakon bincike 75 da suka ƙunshi yara sama da 160,000, ba su kuma ga alamar cewa duka na gyara hali ba.

Iyayen da ke cikin waya

Duk wannan magana ta ɗauka cewa uwa da uba suna gida. Ga miliyoyin yara a Tailan ba haka abin yake ba. Binciken gida-gida na 2022 ya nuna cewa kusan yaro ɗaya cikin huɗu ba ya zaune da ko ɗaya daga cikin iyayensa, kuma mafi yawansu iyayen suna raye, neman kuɗi ne ya fitar da su. A Isan, yankin arewa maso gabas da ya fi talauci kuma ya fi tura ma'aikata waje, adadin ya kai kusan ɗaya cikin uku.

Iyayen na Bankok suna tuƙa tasi ko aikin gini, ko a masana'antun gaɓar tekun gabas, wasu a Taiwan, Koriya ta Kudu ko gonakin Isra'ila. Yaran na hannun kakanni. Da yawa ba sa ganin iyayensu ido da ido sai lokacin bikin Songkran a tsakiyar Afrilu da hutun sabuwar shekara. Sauran watannin, tarbiyya na gudana ne ta kiran bidiyo a manhajar LINE.

Irin wannan kira yana da sifarsa. Uwa ta tashi daga aiki a gajiye, tana da mintuna kaɗan. An ci abinci? An yi aikin makaranta? Ana jin maganar kaka? Idan kaka ta riga ta kai ƙara, kiran ya koma zaman kotu, a yi faɗa a kashe waya. Idan kuma uwar na jin zafin nisan da ta yi, sai ta rufe da alkawarin sabuwar waya ko babur. Yaron ma yana nasa lissafin: uwarsa na wahala dominsa, "kreng jai" ba zai bar shi ya ƙara mata damuwa ba. Duka ɓangarorin biyu suna ɓoye wa juna abin da ke ransu saboda ƙauna.

Ita kuwa kakar, an bar mata aikin da ya fi ƙarfin shekarunta. Ta yi renon 'ya'yanta a zamanin da yaro ke bin manya gona, yanzu tana renon jikokin da duniyarsu ke cikin allon da ba ta iya karantawa. Wasu kakannin kan koma ga sandar da suka sani, wasu kuma su saki baki ɗaya, abin da ake kira "tam jai", bin son ran yaro, domin su samu sararin hutawa. Cibiyar nazarin yawan jama'a ta Jami'ar Mahidol, da tallafin UNICEF, ta bibiyi ƙananan yara a lardunan Khon Kaen da Phitsanulok, ta gano cewa waɗanda iyayensu biyu ba sa nan sun fi samun jinkirin girma, musamman ta fuskar magana. Wannan ba laifin kakanni ba ne. Tsohuwar da ke fama da gona da girki da ciwon gwiwa ba ta da ƙarfin zama ta yi wa jariri surutu da tatsuniya.

A birane matsalar ta ɗauki wata kama. Haihuwa ta ragu sosai a ƙasar mai mutane kusan miliyan 66: a 2024 jariran da aka haifa ba su kai 500,000 ba, kuma tun 2021 masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa. Gida mai ɗa ɗaya ya zama gama-gari, kuma duk burin dangi a kansa yake. Daga makaranta sai darasin ƙari, daga nan sai cunkoson motoci, hirar cikin mota kuma ba ta wuce maki da jarrabawa. Iyayen da ba su taɓa ɗaga wa ɗansu hannu ba suna iya shekara ba su tambaye shi wani abu da ba karatu ba.

Darasin makarantu

Duk mai son sanin iyakar abin da doka za ta iya, ya dubi makarantun ƙasar. Tun farkon shekarun 2000 ma'aikatar ilimi ta hana bulala, kuma dokarta ta 2005 ta taƙaita hukuncin ɗalibi ga abu huɗu: gargaɗi, rubuta alkawarin gyara hali, rage makin ɗa'a, da sa shi wani aiki na gyaran hali. Amma shekaru bayan haka bidiyon malamai na dukan yara bai daina fitowa ba. A watan Satumban 2020 hotunan kyamarar tsaro daga wata makarantar kuɗi a lardin Nonthaburi, inda aka ga ana cin zalin yara 'yan rainon farko, sun girgiza ƙasar.

A wannan shekarar ce ɗaliban sakandare suka fito kan titi da wata ƙungiya da suka raɗa wa suna "Nak Rian Leo", wato miyagun ɗalibai, suna ɗaukar sunan da ake jifan mai tambaya da shi. Kokensu ya haɗa da duka, da cin zarafi, da dokar aski da ta samo asali daga umarnin gwamnatin soja na 1972, wadda malamai ke aiwatarwa ta hanyar yi wa yaro askin wulaƙanci a gaban 'yan'uwansa. Yara 'yan shekara 15 da 16 sun tsaya gaban ma'aikatar ilimi suna yi wa minista tambayoyi kai tsaye. Rikicin ya bi su har gida, inda iyaye da yawa suka ɗauki lamarin a matsayin rashin "katanyu", kuma kafafen yaɗa labarai sun ruwaito yadda wasu suka yanke wa 'ya'yansu kuɗin kashewa ko suka kore su.

A watan Maris na 2025, watan da aka gyara dokar iyali, Kotun Ƙoli ta Harkokin Mulki ta soke dokar askin ta 1975. Abin da shekarar 2020 ta nuna wa manya shi ne cewa shirun yaran ba yarda ba ce. Sun jima suna da ra'ayi, wurin faɗarsa ne babu.

Mintuna biyar a Udon Thani

Iyayen da ke adawa da sabuwar dokar ba mugaye ba ne, kuma tambayarsu tana kan hanya: in ba duka ba, to me? Wasu na tsoron yaro zai riƙa yi musu barazana da 'yan sanda. A zahiri sashe na 1567 na cikin dokokin zamantakewa ne, bai zo da ɗauri ko tara na kansa ba. Hukuncin cin zarafin yaro yana cikin dokokin da ke akwai tun da, irin su Dokar Kare Yara ta 2003 da kundin laifuka. Abin da gyaran ya yi shi ne cire hujjar da mai duka ke fakewa da ita. Wannan ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa, domin dokar da ba a kai wa ƙauye bayaninta ba za ta zauna a takarda kamar ta makarantu.

Amsar da ta fi gamsarwa ga waccan tambaya ta fito ne daga lardin Udon Thani a yankin Isan. A can ne masu bincike na Jami'ar Oxford, da UNICEF da ma'aikatar lafiya ta ƙasar, suka gwada wani shirin horar da masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9 daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi. Mutum 120 ne suka shiga, da yawansu kakanni, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka halarci zama takwas, rabi kuma suka ci gaba da samun kulawar da aka saba. Ma'aikatan lafiya na yankin ne suka koyar, da harshen mutanen.

Abin da aka koyar ba shi da sarƙaƙiya. A ware wa yaro mintuna kaɗan kullum a yi wasan da shi ya zaɓa, ba gyara ba umarni. A yabe shi da ambaton takamaiman abin da ya yi daidai. A taimaka masa ya kira abin da yake ji da sunansa, fushi ne ko tsoro ko kishi. A ba da umarni ɗaya a fili, a faɗi abin da ake so ya yi maimakon jera abin da ba a so. A kafa dokokin gida tare da shi, a kau da kai daga ƙananan rigingimu, a tanadi sakamako mai ma'ana ga manya. Hukunci a ƙarshen shirin yake zuwa, bayan an shafe makonni ana gina hira.

Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa cin zarafin yara ya ragu da fiye da rabi a gidajen da suka samu horon idan aka kwatanta da sauran, matsalolin halin yaran ma sun ragu. Gwajin ƙarami ne, kuma yawancin bayanan daga bakin masu renon suka fito, don haka bai kamata a ɗora masa fiye da nauyinsa ba. Amma ya karya zaton cewa tsohuwa a ƙauyen Isan ba za ta iya sauya salon maganarta da jikanta ba.

Ƙasar na da hanyar kai irin wannan shiri ko'ina in ta ga dama. Tana da ƙananan asibitoci a kusan kowace gunduma, da 'yan sa-kai na kiwon lafiya sama da miliyan ɗaya da ke shiga gida-gida, waɗanda suka yi suna a lokacin annobar korona. Ma'aikatar lafiya ma ta jima tana yaɗa wani taƙaitaccen kira ga masu jego: "kin, kot, len, lao", wato ciyarwa, runguma, wasa da ba da labari. Abin da ke gaban gwamnati shi ne kuɗin horar da waɗannan ma'aikata da lokacinsu, domin yawancinsu hawan jini da ciwon suga da zazzaɓin dengi sun riga sun cika musu rana, kuma su ma a ƙarƙashin karin maganar saniya da igiya suka tashi.